Tambayi Baba Malam: An Tura Ni TP Makarantar Da Kowa Ya Sallama, Ta Ina Zan Fara?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin ɗalibai masu koyon malanta ne suka cika min akwati, da alama lokacin fita tichin faratis (TP), wato zuwa makarantu gwada koyarwa, ne ya zagayo. Guda uku na zaɓa, ta farkon doguwa ce amsarta ma doguwa, sai a yi haƙuri da ni.

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Baba Malam, ya iyali ya ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Ni ɗalibi ne a kwalejin ilimi, lissafi nake karanta, an tura mu TP na sati 12 kuma makarantar da na faɗa wallahi ban san yadda zan kwatanta maka ita ba. Sakandare ce da kowa ya santa da faɗuwa jarabawa, ajin da aka bani yara 74 ne a rijista, benci bai ishi rabinsu ba, tagogi duk sun fita, littafin lissafi guda 6 na ƙirga a ajin gaba ɗaya. Malamin da aka haɗa ni da shi ranar farko ya miƙo min silabas da alli yace ga ajinka nan, tun daga ranar sai dai in hango shi daga nesa. Kwana nake ina rubuta lesin not, in shiga in fara bayanin aljebra, kafin minti biyar surutu ya tashi, in daka tsawa su yi shiru na ɗan lokaci su cigaba, yanzu haka muryata ta dishe. Jiya na bada aikin aji mutum 9 ne suka kawo, uku suka ci, sauran kwafar juna suka yi har kuskurensu iri ɗaya. Dana faɗa a sitaf rum sai wani malami yayi dariya yace yaro kar ka kashe kanka, yaran nan kansu ba ya ɗauka, ka samu makinka ka kama gabanka. Baba ni da sha'awa na shigo harkar nan ba rasa wani kwas nayi ba, amma sati biyu kacal na fara jin kamar ban dace da ita ba, da safe in na tuna ajin nan har cikina ke murɗawa. Laifina ne ko na yaran ko na makarantar? Kuma ta ina zan fara?

Ɗanka, ɗalibin malanta.

AMSA:

Wa'alaikumus salam ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Na karanta saƙonka har sau biyu, kuma wannan murɗawar cikin da kake ji da safe na santa, kusan duk wanda ya taɓa riƙe alli ya santa. Tun 1969 wata mai bincike a Amurka, Frances Fuller, ta bibiyi masu koyon malanta ta ga damuwarsu ta farko kusan duk a kan kansu take, shin yaran za su ji maganata, shin za a ga gazawata, sai tafiya ta yi tafiya sannan hankalin ke komawa kan ko yaran suna koyon wani abu. Kai kuwa a sati na biyu har ka fara ƙirga mutum nawa suka kawo aiki, nawa suka ci, har ka lura kuskurensu iri ɗaya ne. Wanda bai dace da aikin ba ba ya duba irin wannan, karɓar littattafan zai yi ya sa hannu ya mayar.

Akwai kuma wani abu da ke yaudarar sabon malami. Wani masani, Dan Lortie, ya ƙiyasta a 1975 cewa kafin mutum ya gama sakandare ya yi kamar awa 13,000 yana kallon malamai suna aiki, shi yasa kowa ke jin ya iya koyarwa. Amma kai da lissafi ya karɓe ka tun kana yaro, ajin da kake tunawa aji ne na mai zama a bencin gaba, malam ya yi bayani sau ɗaya ka ɗauke. Yaran da ke can baya suna kallon allo kamar rubutun wani yare, ba ka taɓa zama a mazauninsu ba. Su ne aka baka yanzu.

Maganar laifin wane ne mu ajiye ta gefe, ba zata koyar da yaro ko ɗaya ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne ruwa ba ya tsami banza. Surutun nan da ke tashi bayan minti biyar, ina kyautata zaton a daidai nan ne suke ɓacewa. Ka ɗauka an zaunar da kai minti 40 a ƙasa, cikin zafi da cunkoso, wani yana ta magana da harshen da ba ka ji, kuma gobe ma haka jibi ma haka, wallahi kai ma hira zaka kama da na kusa da kai. Silabas ta ce yaran nan sun kai aljebra saboda ajin da suke, amma silabas bata taɓa shiga ajin ta tambaye su bakwai sau takwas nawa ne ba. Kuma abin ya fi ƙarfin makarantarku, Bankin Duniya ya fitar a 2019 cewa kashi 53 cikin ɗari na yara a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi sukan kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta ba, bayan korona a 2022 ƙiyasin ya haura zuwa kashi 70. Waɗannan yaran ba ɓacewa suke yi ba, turasu ake yi aji gaba aji gaba har su iso hannun irinku a sakandare, ga tsawo ga gemu ya fara tsirowa, amma tushen yana can firamare an baro shi.

Toh ga inda zaka fara. Darasinka na gaba ka ajiye aljebra gaba ɗaya. Ka faɗa musu yau ba tes bane, babu maki babu duka, so kake ka san inda kowa ya tsaya dan ka san yadda zaka taimake shi, kuma wanda ya kwafa kansa ya cuta dan zaka ɗauka ya iya ka wuce shi. Ka rubuta tambayoyi kamar goma masu hawa kamar matakala, daga tarawa mai sauƙi, zuwa ɗebewa mai aro, sau, rabawa, lissafin rabi da kwata, lamba mai alamar ɗebewa a gabanta, sai tambaya ɗaya da aka rubuta da jimla wadda sai yaro ya karanta kafin ya san me ake nema. Ka raba allon biyu, lambobin hagu daban na dama daban, kowane yaro da maƙwabcinsa su yi ɓangare daban, kaga kwafa ta mutu kenan ba tare da ka ɗaga murya ba. Wannan ta ƙarshen mai jimla ka kula da ita sosai, dan sau da yawa zaka ga yaro ya iya lissafin da ka, karatun ne ya kayar da shi.

In ka koma gida kar ka tsaya ba da maki, kasa takardun kawai zaka yi kashi uku, waɗanda suka tsaya tun a ɗebewa, waɗanda suka tsaya a sau da rabawa, da waɗanda suka haye. Ka rubuta sunaye a shafi ɗaya ka adana shi, wannan shafin ya fi duk wani lesin not da zaka rubuta a zangon nan daraja. Wannan dabarar ba tawa bace, wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta daɗe tana yinta, a gwada yaro gwaji mai sauƙi, a haɗa shi da waɗanda suke matakinsa ko da shekarunsu sun bambanta, a koyar daga inda yake. Masana irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, suna cikin waɗanda suka gwada tsarin a makarantu da yawa suka ga yana aiki, har wasu ƙasashen Afirka suka ɗauka.

Na san zaka ce toh silabas fa, ga sufabaiza mai zuwa duba ka daga kwaleji na tafe. Ba cewa nayi ka yar da ita ba, kai baƙo ne, ba ka da wannan ikon. Raba lokacin zaka yi. Minti goma na farko kullum na gyaran tushe ne, tambayoyi biyar a allo tun kafin su gama zama, biyu daga jiya, ɗaya daga makon jiya, biyu daga ramin da gwajin ya nuna maka. Kar ka ji kana ɓata lokaci, tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma binciken wasu masana daga baya ya nuna ƙoƙarin tuno abu da ka ya fi sake karanta shi zaunar da shi. Sauran lokacin sai ka shiga topik ɗin ranar amma a gutsure. Misali kar ka fara da x, zana akwati ka rubuta akwati a tara da 3 ya bada 7, me ke cikin akwatin? Kusan duk ajin zai ce 4, har na bayan. Ka yi irinsa biyar, kana ɗan ƙara nauyi, sannan ka goge akwatin ka sa x a wurinsa kace musu abin da kuka yi yanzun nan shi ne aljebrar da kuke tsoro. Ka kalli fuskokinsu a lokacin. Barak Rosenshine, wanda ya tattara bincike kan malaman da ɗalibansu suka fi cigaba ya fitar da ƙa'idoji goma a 2012, ya ce a ajin irin waɗannan malaman yara suna cin kusan kashi 80 na tambayoyin da ake musu lokacin gwaji tare da malam. Kai a ajinka jiya uku ne cikin 74. Yaron da ya shekara biyar bai taɓa ganin alamar daidai a littafin lissafinsa ba, sai ya ɗanɗana ta tukuna kafin ya yarda ya sake gwadawa.

Sannan dan Allah ka daina tambayar "kun gane?" Amsarta ɗaya ce a duk duniya, eh malam, da ƙarfi kuwa. Ka ba da tambaya guda, kowa ya rubuta amsa da manyan lambobi a bayan littafinsa, ka ƙirga uku su ɗaga sama gaba ɗaya, cikin daƙiƙa kaɗan ka ga aji duka, in rabi sun faɗi ka san ba wucewa zaka yi ba. In kuma mutum ɗaya zaka tambaya, fara jefa tambayar, ka yi shiru, sannan ka kira suna. Mary Budd Rowe ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta ga malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, da aka sa suka jira uku ko fiye sai amsoshi suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru, "ban sani ba" ta ragu. Daƙiƙa uku a gaban yara 74 zaka ji kamar shekara, ka daure ka ƙirga a zuci.

Yanzu maganar tsawa. Muryarka ita ce jarinka, kuma ka riga ka gani da idonka tsawa shirun ɗan lokaci take saya, gobe sai ka ƙara ƙarfi kafin ta yi aiki. Jacob Kounin ya ɗauki bidiyon azuzuwa da yawa ya fitar da sakamakon a 1970, abin da ya gano shi ne malaman da ajinsu ke da natsuwa basu fi sauran iya hukunci ba, sun fi su hana abin tasowa ne, idonsu na ko'ina, suna kama ƙaramin motsi tun bai girma ba kuma suna kama ainihin mai yin, darasinsu baya tsayawa ya bar yara zaune babu abin yi. Saboda haka ka riga su shiga in zai yiwu, ka rubuta abin da zaka rubuta tun kafin su natsu dan kar ka juya musu baya na minti biyar, ka rinƙa ratsawa har ƙarshen aji ko da matsatsi ne, yaron da ya fara hira ka je ka tsaya kusa da shi kana cigaba da bayaninka, yawanci ya isa. Ka zaɓi alama ɗaya ta neman shiru, ko ɗaga hannu ko ƙwanƙwasa allo sau uku, ka koya musu ita kamar darasi, kuma kar ka soma magana sai an yi shirun, ranar farko zai ci lokaci, ka jure. Doka kar ta wuce uku. Kar ka taɓa yin barazanar abin da baza ka iya aikatawa ba, yara sun fi kowa riƙe alƙawari. Kar ka hukunta aji gaba ɗaya saboda mutum huɗu, nan take zaka haɗa kansu a kanka.

Sai sunaye, wannan kam ina roƙonka. Zana taswirar zaman ajin a takarda, monita ya taimaka maka, ka haddace goma kullum, kwana takwas ka gama. "Kai mai jar hula" daban, kiran yaro da sunansa daban. A shekarata ta farko akwai wani dogon yaro a bencin ƙarshe da duk rigimar aji daga wurinsa take tashi, sai na fara karatu sai ya saki abin dariya. Na yi faɗa na yi kora duk a banza. Wata rana bayan tashi na tsayar da shi shi kaɗai, ba faɗa, na buɗe littafi nace ya karanta min layi ɗaya. Ya daɗe yana kallon shafin, sai naga idonsa ya ciko. Ashe duk abin dariyar nan dan a kore shi yake yi kafin layin karatu ya zo kansa, gara a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi a gaban ƙannensa. Minti goma sha biyar muka rinƙa yi bayan tashi, sau uku a sati, a baranda inda kowa ke ganinmu. Bai zama na ɗaya ba, amma ya karanta, kuma shi ya koma mai tsawatar min da aji. Har yau in naji an ce yaro ba ya ji, shi nake fara tunawa.

Shi kuma malamin sitaf rum, kar ka raina shi kuma kar ka haɗiyi maganarsa. Mai yiwuwa shekara ashirin ya yi a wannan yanayin da kai sati biyu ya gajiyar da kai, wataƙila shi ma da zafinsa ya zo. Ka gaishe shi da ladabi, kar ka zama baƙon da ya zo jiya yana nuna wa masu gida inda ɗakinsu ke yoyo. Amma "kansu ba ya ɗauka" magana ce mai guba, dan malamin da ya yarda da ita yakan daina tambayar yaran, ya daina jiran amsarsu, ya rage abin da yake basu, daga ƙarshe sakamako ya fito yace ai na faɗa. Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun yi wani gwaji da suka wallafa a 1968, suka faɗa wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a shekarar alhali da ka aka zaɓo su, sai aka ga wasunsu musamman ƙanana sun fi cigaba. Masana sun yi ta muhawara kan girman tasirin, amma cewa zaton malami na canza yadda yake mu'amala da yaro, wannan ya tabbata. Kuma ka bincika, duk lalacewar makaranta akwai malami ɗaya ko biyu da in ka wuce ta ajinsu zaka ji shiru ana aiki, da yaran nan dai da bencin nan dai. Nemo shi, ka roƙi izini ka zauna a bayan ajinsa da biro, ka rubuta abin da yake yi a minti biyar na farko.

Malamin da aka haɗa ka da shi kuwa bai kyauta ba, ɗalibin TP koyo ya zo, ba a sakar masa aji a tafi. Amma kar ka fara da kai ƙara. Same shi shi kaɗai kace Malam ina neman alfarma, ka shigo min darasi ɗaya a sati ka zauna ko minti ashirin ne ka faɗa min gyara ɗaya. Buƙata ƙarama takamaimai ta fi saurin karɓuwa. In an yi sati biyu shiru, sai ka je wurin shugaban sashe ko mataimakin furinsifal da sigar neman taimako, kuma ka sanar da mai kula da TP na kwalejinku, haƙƙinka ne.

Sati goma suka rage maka. Baza ka saka tagogi ba, baza ka sayi benci ba, kar ka ɗora wa kanka wannan. Makon ƙarshe ka sake basu gwajin nan na farko da lambobi daban, ka ajiye shafi biyun gefe da gefe ka ƙirga yara nawa suka haura mataki. Kwafi ɗaya ka bar wa malamin ajin, ɗaya ka tafi da shi, ka kuma rubuto min in ji.

TAMBAYA:

Salam Baba Malam. Ni mace ce shekarata 21, ƴar ƙarama ce a jiki, an bani manyan aji ina koyar da Turanci, wasu samarin ajin sun fini tsawo nesa ba kusa ba kuma da kaɗan na girme su. Na fara da sakin fuska dan su saba da ni, toh yanzu abin ya zama raini, wasu na tambayar lambar wayata wai za su rinƙa tambayata asaimen, biyu har sun turo min rikwes a Facebook, in ina bayani ana ƙananan maganganu ana dariya. Wata malama tace in samo bulala in zane mutum biyu kowa zai shiga hankalinsa. In yi hakan?

Ƴarka mai koyon malanta.

AMSA:

Wa'alaikis salam ƴata. A'a, kar ki ɗauki bulala. A wurare da yawa doka ta hana, inda bata hana ba ma ɗalibar TP bata da hurumin dukan kowa, kuma ki duba da kyau, saurayin da ya fiki tsawo in kika ɗaga bulala ya riƙe ta a gaban aji me zaki yi? Ranar kin rasa ajin kenan. Duka tsoro yake sa wa, tsoron kuma na mai bulalar ne, ranar da babu ita babu shi.

Sakin fuskarki ba laifi bane, iyakar ce bata fito ba, kuma bai ɓaci ba. Ranar Litinin ki shiga ki tsaya a tsakiya, ki jira shiru, ki faɗa da murya a kwance ba fushi cewa daga yau ga yadda ajin nan zai tafi, Malama za a kira ni, mai magana ya ɗaga hannu, tambayar asaimen a aji ake yinta ko a sitaf rum. Za su gwada ki kwana uku ko huɗu su ga ko da gaske kike, nan ne aikin yake, abin da kika hana ranar Litinin kar ki kyale shi ranar Laraba dan kin gaji. Mai ƙananan maganganu kar ki yi musayar yawu da shi a gaban abokansa, abin da yake nema kenan, ƴan kallo. Kira sunansa, kice ka same ni bayan darasi, ki cigaba da aikinki. In ya zo ku yi maganar a fili inda mutane ke wucewa, gara ma da wata malama a kusa.

Lambar waya kuwa babu, ga kowa, mace ko namiji, rikwes ɗin ki goge ki kulle shafinki, kar ki yi hira ta sirri da ɗalibi ko da ta karatu ce. Wannan kariya ce gare ki da su kansu. In wani ya wuce ƙananan maganganu ya kai ga kalaman banza ko biyo ki hanya, kar ki ce zaki haƙura dan kar a ce kin gaza, ki rubuta rana da abin da ya faru ki kai wa mataimakin furinsifal a ranar, ki sanar da kwalejinku. Girman jiki kuma ki cire shi a ranki, na yi aiki da wata malama da ko saman allo bata kaiwa, muryarta ma ƙasa ƙasa, amma in ta shigo sai kiji tsit, dan kullum a shirye take zuwa, aikin kowa sai ta duba, kuma bata taɓa faɗin abu ta fasa ba.

TAMBAYA:

Baba Malam barka da aiki. Sufabaiza zai zo duba ni mako mai zuwa, abokaina sun ce in koyar da darasin tun kafin ranar in raba wa masu ƙoƙari amsoshi dan komai ya tafi sumul. Kuma littattafai kusan 200 ke jirana kowane sati, har dare nake kaiwa ina makin. Mene ne shawara?

Ɗanka.

AMSA:

Ɗana, sufabaizan da ya daɗe a aikin cikin minti uku yake gane darasin da aka maimaita, hannaye na tashi kafin ka gama tambaya, amsa na fitowa kamar hadda, kuma ka koya wa yara 60 cewa malaminsu na shirya ƙarya in babba zai zo, da wane baki zaka hana su satar amsa? Ka shirya sosai, eh, ka gwada darasin kai kaɗai da agogo, ka haɗa kayan koyarwarka ko da kwali ne da maka, lesin not da rijista su zama a cike. Amma darasin ya zama sabo. In ka yi tambaya aka faɗi, ka tsaya ka sake bayani ta wata hanyar, wannan ne ma abin da mai duba na kirki ke son gani. In ya gama ka tambaye shi abu ɗaya da ya fi so ka gyara kafin zuwansa na gaba, ka rubuta a gabansa.

Makin kuma ba kowane aiki ne sai ka bi shi da jan biro ba. Aikin aji mai gajerun amsoshi su yi musayar littafi ku gyara tare a allo, kai kana zagayawa. Daga kowane aji ka ɗebi littafi kamar 15, na gaba da na tsakiya da na baya, ka duba su da kyau ka fitar da kurakurai uku da suka fi yawa, gobe ka buɗe darasi da su, sati mai zuwa ka ɗebi na wasu. Wanda zai shiga rekod ɗin makaranta shi ne zaka bi ɗaya bayan ɗaya. Kuma in zaka rubuta wa yaro wani abu, rubuta abin da zai gyara, Ruth Butler ta gwada wannan a 1988 ta ga yaran da aka ba bayanin gyara kaɗai sun fi cigaba, waɗanda aka haɗa musu bayani da maki kuwa makin suka kalla suka rufe littafin. Dan haka layi ɗaya ya isa, kamar "ka sake duba aro a lamba ta 3", sai ka basu minti biyar a aji su yi gyaran kana tsaye.